Farin Layi a Tafin Ƙafa

Saura mita ɗari uku a kammala tseren, ƙafar ƙanwata ta riƙe. Ta saki igiyar da ta haɗa hannuwanmu, ta zube a gefen titi.

"Yaya, kar ka tsaya! Titin a miƙe yake, bi farin layi."

Da safe 'yan tsere sun sha dariyar takalmina. "Malam, wannan takalmi ne ko ɓawon albasa?" Nasu kauri kamar katifa. Ni kuwa kowace tsakuwa ina jin ta.

Na laluba da ƙafa har na taka fenti. Ya fi kwalta santsi, ya ɗan fi ta tudu. Na hau kansa, na saki jiki. Numfashin wani ya matso kafaɗata, ya yi nauyi, ya koma baya. Sai kintinkirin ƙarshen tsere ya taɓa ƙirjina.

Ƙanwata ta iso tana haki.

"Na nawa na zo?" na tambaye ta.

Ta kamo hannuna, ta miƙar mini da yatsa ɗaya tak. Shekara tara rabona da gani, yau tafin ƙafata ya kawo ni gaban masu ido.