Farar Rigar Madam Rashida

Kare ne yake lasar daron, wani daro mai bakin shuɗi da tsatsa ta ci gefensa, a bakin ɗakin haihuwa na likita, wato asibitin gwamnati. Danda ya tsaya yana kallo. Ƙudaje sun lulluɓe tabarmar da aka shanya da jini a jikinta. Wata tsohuwa ta fito, baki jajur da goro, ta tofar a gindin bango, ta kori karen da ƙafa, ta ɗauki daron ta koma ciki. Ko ɗauraya ba ta yi masa ba.

Shekaru biyu da suka wuce, a wannan ɗaki matarsa Zalika ta haifi ɗansu na fari. Cibiya ta ruɓe, yaron bai kai suna ba. Babu wanda aka kira, babu wanda aka tambaya. Yanzu ga wani cikin ya tsufa.

Danda ya koma ƙauyensu na kusa da Kanan-Bakashe da rantsuwa a bakinsa cewa Zalika ba za ta sake haihuwa a ɗakin nan ba. Bana gyaɗa ta yi kyau. Ya kai har da wadda ya ware don iri, aka aza ta bisa sikelin kamfani, domin ya ji labarin gidan Madam Rashida, ungozoma mai zaman kanta da aka ce ta yi karatu a bakin teku.

Ya je ya gani da idonsa. Daɓen siminti, gado mai farin zane, ƙamshin sabulu. Abu ɗaya ya dame shi: gidan yana bayan likitar, lungu kawai ya raba su, in iska ta juyo har warin yana isowa.

"Shi ya sa nake rufe tagogi," in ji Madam. "Kuma ka ji dokata, malam. Dangi ba su wuce zaure, ko mace ce."

Yayarsa Zara'u, da ta rako shi, ta yi tsaki. "Haihuwa ba uwa ba yaya?"

"Yaya, haka masu ilimi suke yi," ya ce.

Ran nan naƙuda ta tashi da hantsi, suka kawo ta gidan Madam. Aka shiga da Zalika, aka ja ƙyaure. Danda da Zara'u suka zauna a zaure. Ba su ji ko nishi ba, kuma hakan bai ba su mamaki ba, don ɗiyar mutunci ba ta kuka a kan gwiwa. Zara'u dai ta yi ta leƙen tsakar gida tana gunaguni, wai har yanzu ba ta ga hayaƙin ruwan zafi ba. Can bayan gida aka ji ƙarar ƙofa da gungurar amalanke. Masu kawo itace ne, in ji Danda.

Bayan la'asar Madam ta fito da jariri a naɗe, an wanke shi, yana barci.

"Namiji."

Danda ya karɓa. Ya dubi rigar Madam, fara fat, babu ɗigo ɗaya a jikinta. Wannan ita ce tsabta, ya faɗa a ransa. Madam ta bar shi ya leƙa ɗaki, ya ga Zalika kwance bisa farin zane, ta ja mayafi ta rufe fuska, duga-duganta duk ƙura. Ya yi mata barka, ya dawo zaure.

Zara'u ce ta miƙa hannu. "To, a ba mu mabiyiya. Bayan ɗakin uwarsa za a binne ta, a garinmu."

Madam ta ce a nan ba a yin wannan. Zara'u ta ce ita kuwa ba ta taka ko'ina sai da ita. Murya ta tashi har maƙwabta suka fara leƙowa. Madam ta shige ciki da sauri, aka sake jin ƙarar ƙofar baya.

Ba a jima ba sai ga tsohuwar nan ta likita da sallama, ta gaban gida, tana tauna goro. Ta dire daro mai bakin shuɗi a gaban Danda, ƙudaje na biye da shi, ta goge hannu a zanenta.

"Kai ne angon ƙarnin? Ga mabiyiyar taku nan. Matan Madam da yawa nake karɓar haihuwarsu a ɗakinmu, amma ku ne na farko da kuka tambaya."