Malam Barau Yana Ciki

Tun da aka tattara saƙonnin kowane gida cikin akwati ɗaya na na'ura a rumbun saƙonnin gari, dokar guda ce: in mutum ya buɗe, sauran 'yan gidan sai su jira ya rufe. Malam Barau kuwa ya buɗe na gidansu da hantsin wata Laraba, ya fara rubutu, ajali ya riske shi bai rufe ba.

Ranar da matarsa Kuluwa ta fita takaba, ofishin rumbun ta nufa. Wata huɗu da kwana goma ba ta ji ɗuriyar 'yarsu Asabe ba, wadda ke Agadas da tsohon ciki.

Ma'aikaciyar ofishin ta juyo mata da allon na'ura. An rubuta: Malam Barau yana ciki.

"Ciki ina?" in ji Kuluwa. "A gabana aka fita da shi."

"Inna, akwatin bai san mutuwa ba. Saƙon Asabe goma sha ɗaya na jira. Zan iya ɓalle makullin, amma abin da Malam yake rubutawa zai goge."

"Wa yake rubuta wa?"

"Sunanki ne a sama. Sauran ba ya karantuwa sai Malam ya rufe da kansa."

Shekara arba'in suna tare, ko kalma bai taɓa rubuta mata ba. Kuluwa ta ɗora yatsa kan sunan mijinta a allon, sunan nan da kunya ba ta taɓa barin ta furta ba.

"Ɓalle, 'yata," ta ce. "Amma dakata in yi masa sallama tukuna."