Katifar da Ke Ramewa

Igiyar awo ta uku ke nan Hajiya Raliya ta jefo wa Asta a kan keken ɗinki, kuma kowacce ta fi wadda ta gabace ta gajarta.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, lokacin da kowa a Gwarzo ya tsuke bakin aljihu har ya koma lissafa lomarsa, a lokacin ne aka shiga yayin katifa mai kauri. Zannuwan gadon da aka gada tun zamanin katifar rimi suka koma kamar hular yaro a kan ƙato: ka ja nan, can ya kwaɓe. Asta, wadda mijinta ya rasu ya bar mata keke da bakuna huɗu na ciyarwa, ita ta gano maganin abin. Sai ta kewaye zani da ƙarin yadi, ta naɗe kusurwa huɗu, ta zura roba. Zani ya kama katifa cif.

Ba ta zuwa awo gidan kowa. Igiya ake aiko mata, ƙulli ɗaya na tsawo, ɗaya na faɗi, ɗaya na kauri.

Igiyar Hajiya ta farko ta zo ne bayan kaka, da kauri taƙi biyu da rabi. Asta ta juya ta, ta sake juyawa.

"Hajiya, katifa ce ko dakali?"

"'Yar Dubai ce. Ke da kike kwana kan tabarma, ina za ki san kan abin?"

Mata suka yi ta zaryar zuwa gidan Hajiya kallon katifa. Daga bakin ƙofa ake tsayawa, ba a shiga, balle a zauna, wai zufar talaka tana kashe soso. Ko kazar gidan ta doshi ɗakin, da muciya ake raka ta, kuma kajin nan ba sa daddara. Masu tsegumi dai sun yi mamaki. Ai mijin Hajiya, Alhaji Datti, shi ne ya kai 'yan kwamitin zakka har bakin rumbunansa, ya buɗe musu wayam, ya rantse har da ƙwalla cewa gonarsa ta Gude ko iri ba ta mayar ba. Malaman suka yi masa jaje, suka tsaya a zaure kamar yadda addini ya ce, ba su leƙa ɗakin matar gida ba, suka juya. Asta na cikin waɗanda aka rubuta za a bai wa hatsi a shekarar. Haƙuri aka ba ta, mudu cike.

Da bazara ta kama, tiyar hatsi ta yi tashin gwauron zabo, sai zanin ya dawo. Wai ya saki. Asta ta rage taƙi guda, ta sake roba. Ta dai lura zanin na warin maganin ƙwari, ta ce a ranta ashe kuɗin cizo ba ya tsoron Dubai.

Yanzu ga shi a karo na uku, washegarin kasuwa, kuma Hajiya ba ita kaɗai ta zo ba. Ta taho da Hajiya Badi'a ta Kabo, wadda ta yi alkawarin kawo wa Asta zannuwan jeren 'yarta guda goma sha biyu. Aikin da Asta ta ɗora tukunyar daminarta a kansa ke nan.

"Ki gani da idonki kafin ki ba ta kayan amarya," in ji Raliya. "Ɗinkin ƙauye! Kusurwa ɗaya ta zube kamar kuncin tsohuwa."

"Hajiya, zani ba ya girma," Asta ta ce. "Sai dai in katifarki ce ke azumi."

"Kin ji ta ko? Ga rashin iyawa, ga baki. To, taso a je, a yi ta a gaban shaidu."

Masu magana sun ce wanda ya fi ka baki, kai ka fi shi haƙuri, amma ba su hana ka tafiya da almakashinka ba. Asta ta yafa mayafi ta bi su. Kafin su kai gidan, matan unguwa bakwai sun rufa musu baya, don abin kunyar wani ba ya rasa 'yan rakiya.

Aka mayar da zani a kan gado, Raliya ita kaɗai a ciki, ƙofa a rufe. Sannan ta ɗaga labule, ta tokare bakin ƙofar da hannu. Gaskiyarta: kusurwar da ke kusa da ƙofa ta lotsa, zanin na reto. Badi'a ta taɓe baki ta fara gyara mayafi.

Asta ta dubi kusurwar, ta dubi bakin Badi'a, ta tuna bakuna huɗun da ta baro. Sai ta sunkuya ta wuce ta ƙarƙashin hammatar Raliya.

"Ke! Fito! Kada ki taɓa!"

"Robar kawai zan farke, Hajiya. In laifina ne, na daina ɗinki a garin nan."

Ta durƙusa. Ta ji soson sama bai fi yatsa uku ba, abin da ke ƙasa kuwa ya fi goshin mai rowa tauri. Ta sa bakin almakashi a ɗinkin kusurwa. Ko hannunta ne ya zame, ko ba zamewa ya yi ba, wannan sai ranar hisabi.

Aka ji kyat! Abin da ke ƙasan soson ya yage. Sai kajin gidan suka keto tsakanin ƙafafun mata a guje, domin katifar Dubai ta fara tsiyayar da geron Gude, daga bakin buhu har bakin ƙofa.