Bahagon Kafinta da Rula

Malam, ka ce yaron nan daƙiƙi ne tunda ya faɗi jarrabawa. Zauna ka ji.

An yi wani kafinta a garinmu, bahago. Yana aji biyu a elemantare, duk ranar da ya ɗauki fensir da hagu sai malaminsu ya sare masa yatsu da gefen rula, ya ce hannun tsarki ba ya rubutu. Ya gudu, bai koma ba. Ya girma, ya yi furfura. 'Yarsa tilo ta yi aure can Kurmi, sai ta shekara uku ba ta zo ba. Wasiƙarta wani ke karanta masa, amsar ma wani ke rubutawa, ga shi kuwa akwai maganar da uba ba ya iya faɗa wa 'yarsa ta bakin wani. Shi ya sa ya shiga ajin yaƙi da jahilci. Malamin ajin ya ƙyale shi da hagunsa. Cikin wata shida kafinta yana rubuta sunan 'yar a kan kowane guntun katako, baƙaƙe a miƙe kamar ya ja su da igiya. Wanda ya ci jarrabawa shi zai wuce ajin da ake koyon wasiƙa, kuma kowa ya san kafinta ne na ɗaya a ajinsu.

Ran jarrabawa aka turo wani saurayi daga birni ya yi tsaro. Mai ladabi ne, har Baba yake ce wa kafinta. Amma yana zagaya benci da rula, yana ɗan buga ta a tafinsa. Kafinta bai san lokacin da fensir ya koma hannun dama ba. Hannun damansa kuwa guduma ma ba ya iya riƙewa. Ya zauna zufa na ɗiga a takarda, sunan 'yar na cikin kansa, ya ƙi saukowa. Aka karɓi takardar fara fat. Bai sake taka ajin ba. Har ya rasu fensir na maƙale a kunnensa, awon katako kawai yake yi da shi. Da 'yar ta zo zaman makoki, ta tarar da sunanta a ƙarƙashin kowace kujera a gidan.

Ka je ka tambayi yaron nan abin da ya gani a ɗakin jarrabawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu zai yi.