Fartanyar Mama Asibi

Tun yana yaro, Silas bai taɓa ganin mahaifiyarsa a zaune da rana ba. Mama Asibi ta haura shekara saba'in, amma kafin gari ya gama wayewa ta isa gonarta a ƙauyen Yangoji. In za ta dawo, ƙatuwar ƙwaryar doya na kan kafaɗarta, don matan garinsu ba sa ɗora kaya a kai. Tana tafe tana zolayar 'yan matan da ta bari a baya: "'Yan madarar gwangwani, ku ɗaga ƙafa mana."

Da ita Silas yake alfahari a ofis. Yakan ce in tsufa irin nata ne, to ya zo gobe.

Sai ranar da wani abokin aikinsa ya ce, "Oga, ba Mama na gani a bakin titi tana sai da doya ba? Kai kuwa kana Gwarinpa, unguwar manya a Abuja?"

Maganar nan ta soke shi. Asabar na zagayowa ya je ya ɗauko ta, ya jingine fartanyarta a bayan ƙofa.

"Ɗana, na shuka doya. Wa zai tona?"

"Mama, kin yi naki. Saura hutu."

Aka ba ta ɗaki a bene, da katifa mai laushi da talabijin. Ta ɗauki tsintsiya, a karɓe. Ta nufi kicin, matarsa Sandra ta ce, "Haba Mama, zauna abinki." Har kuɓewa ta shuka a tsohon bokiti, Silas ya ce zai tara sauro, aka zubar. Wallahi ba mugunta ba ce, so ne. Amma so ma yana rufe ido.

Wata uku, zolaya ta ɗauke. Wata shida, sai an riƙe ta take saukowa daga bene. Likita ya duba ya ce, "Zama ne ya cinye mata ƙafafu. Me take yi a da?"

Silas ya sunkuyar da kai.

Kullum roƙonta ɗaya: "Kai ni in ga doyata." Kullum amsarsa ɗaya: "Bari ki ji sauƙi." Ana saura kwanaki a fara tonon doya, Mama Asibi ta rasu.

Bayan an binne ta a Yangoji, Silas na zaune a ƙofar ɗakinta yana kallon fartanyar da ta yi tsatsa. Sai ga Lantana, aminiyar mahaifiyarsa, wadda ta girme ta da shekara biyar, ta fito daga hanyar gona da ƙwarya a kafaɗa. Ta sauke a gabansa, ko haki ba ta yi.

"Doyar uwarka ce. Ni na yi ta nome mata, ina cewa za ta dawo mu tona tare." Ta dube shi. "Ka ce ta huta. To, ga shi ta huta."

Silas ya rungume doyar, ya yi kukan da bai yi a bakin kabari ba.

Jama'a, tsohon da ke da kuzari abin koyi ne, ba abin kunya ba. Mu rage wa iyayenmu nauyi, amma kada mu raba su da aikin da ke tashe su da safe, don shi ke riƙe da ransu.