Kwalbar Gas ta Ƙarshe

Tun da aka hana ɗan Adam riƙe sitiyari a kan titi, manyan motoci ke tuƙa kansu. Shiru suke ratsa Funtuwa, ba hayaƙi, ba mai ɗaga wa kowa hannu.

Baba Tanimu, tsohon direba, ya dawo daga wajen rabo da kwalbar gas. Ya ce wa matarsa, "Kuluwa, sun ce daga wannan ba ƙari."

Ta ce, "To, Malam, sai ka yi tafiya mai nisa."

Motarsa na ƙofar gida, tsohuwar ƙirar Ingila mai bodin katako, ɗore a kan duwatsu, don doka ta sa an cire tayoyin. Ya ɗura mata gas, ya murza makulli. Ta yi tari, ta kama. Ya lumshe ido yana canza giya, kamar dai ya ɗauko auduga zai kai Ikko.

Wata motar da ba kowa a cikinta ta rage gudu daidai gidan, ta tsaya jim, sannan ta wuce.

Da injin ya fara shaƙewa, sai ya danna hon irin nasa, wanda yakan yi tun daga bakin gada don Kuluwa ta san ya iso. Injin ya mutu.

Ta fito da kwanon ruwa, ta rusuna. "Sannu da hanya, Malam. Yaushe za ka koma?"

Ya shafa ƙofar motar, ya yi murmushi. "Wannan karon na dawo ke nan. Zubo tuwo."