Tumbin da Barka Ya Tara a Sabha

Barka ɗan Nijar ne, direban babbar mota a Sabha, a shekarun da Libiya ta buɗe wa 'yan Afirka ƙofa. Abu guda ya sa a ransa: duk wanda ya koma gida daga Libiya ba tumbi, ya ji kunya.

Sai ya duƙufa. Makaroni da mai safe da yamma, shayi mai kumfa da sukari kamar za a yi alewa, taba ba ta barin bakinsa, barci kuwa sai abin da ya samu. Ko burodi zai saya a bakin layi, da mota yake zuwa.

"Sailuba, dubi arziki," in ji shi, yana shafa ciki.

Matar tasa ta ce, "Maigida, arzikin da ya hana ka ganin ƙafarka?"

Rannan ana lodi, ya kama ƙofar mota zai hau, ƙirjinsa ya ɗaure, ya zube ƙasa.

A asibiti, likita ya auna jininsa, ya ce, "Akwai alamar da ke hawa a jini idan jiki yana kumburi ta ciki. Taka ta hau, kuma ba zazzaɓi kake ba. Wannan kumburin shiru yake cin hanyoyin jini. Yau zuciyarka gargaɗi ta yi maka."

Mai motar ya karɓe makullinsa. Barka, ƙato da shi, ya zauna ya yi kuka.

Abokinsa Awad, manomin dabino a garin Ghuddwa, kudu da Sabha, ya zo dubiya, ya ce, "Tashi, sarkin tumbi. Gonata na neman mai ban ruwa."

Can Barka ya koma. Yana shan maganinsa, yana zaga gona da ƙafa, yana haki, Awad na yi masa dariya. Sailuba ta cika tukunya da wake da ganye, ta ɓoye sukari. Taba ta fi ba shi wuya, amma ya yar. Da an yi isha'i ya kwanta.

Da dabino ya nuna, ya koma awo. Likita ya ce, "Alamar ta sauka sosai. Anya jininka ne?"

Ranar da aka mayar masa da makulli, ya taka zai hau mota, wandonsa ya zame. 'Yan lodi suka fashe da dariya, shi ma har da hawaye.

Jama'a, ku ji ni da kyau: tumbi ba arziki ba ne. Abin da kake ci, da tafiyarka, da barcinka, duk jininka yana shaida. Ku gyara tun ba a kwashe ku ba.